Tsaga Huɗu a Jikin Rediyon Inna

Har yau in na bi ta layin masu kayan lantarki a kasuwar Dutse sai na ji raina ya ɓaci. Akwai wani shago, na uku daga kwana, mai shi dogo ne mai haƙorin Makka, kullum yana zaune a ƙofa yana kaɗa ƙafa. In ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, kwana biyu!" Ni ma in ɗaga masa hannu saboda haƙƙin musulunci, in wuce ina cizon leɓe. Ba shi kaɗai nake jin haushi ba, amma shi ne wanda nake samu a zaune wuri ɗaya, shi ya sa yake kwasar kaso mafi tsoka.

Ni ɗan fari ne. A gidanmu, can wani ƙauye a ƙasar Buji, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna, mahaifiyata, ta kama sunana ba. Da ina yaro "wancan" take cewa. Da na samu aikin gwamnati na kama haya a Yalwawa sai na koma "mutumin Dutse". In na durƙusa na gaishe ta, takan amsa da "lafiya" tana kallon gefe. Duk maganar da ta fi haka tsawo sai ta bi ta bakin Auta, ƙanwata, wadda take aure a nan cikin ƙauyen, gida uku tsakaninsu. Auta mace ce mai ƴaƴa huɗu da baki kamar reza. Ita tana iya haye gadon Inna ta yi mata musu, ni kuwa daga bakin ƙofa nake tsayawa.

Inna tana da rediyo. Na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, irin ƙaramin nan mai kama tashoshin gajeren zango, wanda ake ratayawa a kafaɗa. Wani baduku ya ɗinka masa riga ta fata, ta sha hannu har ta yi baƙi. Gilashin da ke rufe da allurar neman tasha ya daɗe da fashewa, tun ranar da akuya ta ture shi daga kan turmi, saboda haka allurar a fili take, kowa yana iya taɓa ta. An ɗaure murfin batir da robar taya. Eriyar ma rabi ce, an ƙara ta da waya.

Lokacin da yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, Baba yana da rai. Wata rana ya zauna da magagarin da yake wasa fartanya da shi, ya yi tsaga huɗu a leɓen wurin da allurar take tafiya, kowace tsaga daidai da tasha ɗaya mai Hausa. Maɓallin sauya zango kuma ya liƙe shi da ƙaro don kada ya goce. Inna sai ta sa farcen hagu a cikin tsaga, ta riƙa murɗawa da dama har allura ta zo ta taɓa mata farce. Shi ke nan ta kama tasha, ba ta nemi idon kowa ba.

Na san da wannan duka. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, da ban sani ba da da sauƙi.

Da rediyon nan take auna yininta. In shirin safe ya ƙare ta san lokacin sakin awaki ya yi. Na rana yana farawa ta ɗora sanwa. Da la'asar matan maƙwabta sukan shigo da tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, su zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida, ita kuma ta riƙa warware musu abin da duniya take ciki. Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba, amma ta san shugaban da aka tumɓuke da wanda ya ƙi sauka, kuma tana da ra'ayinta a kan kowannensu. Ruwan alwala sai an miƙo mata, allura sai an zura mata zare, amma labari ita take bai wa mutane.

Wata babbar Salla na je gida da abokan aikina biyu, su ci nama su ga ƙauye. Muka shiga gaishe da Inna, rediyon yana kan cinyarta. Ɗaya daga cikinsu, wani mai tsokanar tsiya, da muka fito soro ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, amma ba ka da kirki. Wannan rediyon ai gidan tarihi ya kamata a kai shi. Albashin naka ina yake tafiya?" Suka yi ta dariya. Na taya su, amma maganar ta zauna mini a ƙirji har muka dawo Dutse.

Ƙarshen wata da na koma na ce wa Auta ta gaya wa Inna zan tafi da rediyon a saka masa gilashi. Inna tana jin mu, don tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ta shafa rigar fatar ta ce wa Auta, "Ki ce masa lafiyarsa ƙalau."

"Yaya, ta ce lafiyarsa ƙalau," in ji Auta.

Na ce ai kwana biyu ne kawai. Inna ta miƙa wa Auta shi, Auta ta miƙo mini. Yanzu na gane iyakar ƙin da uwa za ta iya nuna wa ɗan farinta ke nan. Da Auta ce ta zo da wannan magana, da an kore ta da muciya. Ni kuwa aka ba ni amsa mai taushi, na ɗauka kawaici ne irin na tsofaffi da ba sa son a kashe musu kuɗi.

Washegari na shiga shagon mai haƙorin Makka. Ya karɓi rediyon da yatsu biyu kamar an ba shi mushen ɓera, ya juya shi, ya yi dariya.

"Yallaɓai, wa yake amfani da wannan?"

Na ce mahaifiyata.

"Haba dai! Kamar kai? Ai gilashin wannan ko a Kano ba za ka samu ba. Tsaya ka ga abin da ya dace da Hajiya."

Ya sauko da wani kwali. Rediyo ne ja mai sheƙi, ba allura, ba abin murɗawa, sai lambobi masu haske da madannai a jere. Ya ce yana kama gajeren zango, yana kama tashoshin gida, yana da fitila, yana da sola a bayansa, ana sa masa katin karatun Alƙur'ani, har da waya ana haɗa shi. Ya ce da kansa yake neman tasha, danna ɗaya kawai, ya tsallake duk inda babu magana ya dira a kan mai magana. "An huta da shuuu ɗin nan," in ji shi.

Na gaya masa idonta ba ya gani sosai. Wallahi na gaya masa. Ya ce, "To ai shi ya sa! Wannan don irinsu aka yi shi. Ba wahala."

Kuɗin da ya faɗa ya sa na ja da baya, don ya kai a yi cefanen gidana na kwanaki da yawa. Sai ya sassauta murya ya ce in bar masa tsohon, zai rage mini wani abu, in yi ciko. Abin da ya rage ɗin ko kuɗin adaidaita sahu zuwa Yalwawa da dawowa da kyar ya kai. Amma na ji daɗin kalmar ragi, na tura masa rediyon Baba a kan kanta, da rigarsa da komai. Ya jefa shi cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur, na ji ƙararsa, ban ko waiwaya ba.

Ranar Asabar na kai sabon. Na kunna a tsakar gida, wata mata ta yi magana da Turanci daga cikinsa, matan maƙwabta suka yi ta salati suna taɓawa. Na nuna wa Auta yadda ake yi: a danna wannan sau huɗu kafin a zo gajeren zango, sannan a danna wancan a riƙe. Aka ɗora wa Inna a cinya. Ta bi shi da tafin hannu, sama da ƙasa, ta sake bi. Na ga yatsanta yana neman wani abu a gefe, bai samu ba.

"Ki tambaye shi, wancan ɗin fa?" ta ce wa Auta.

Na ce ya tsufa, an canza shi. Daga nan ta ce, "Ki ce Allah ya yi masa albarka." Na hau bas na dawo Dutse ina jin kaina wani ɗa na gari.

Wata uku ina zuwa duk ƙarshen wata, kuma duk zuwan da zan yi sai in tarar da rediyon a kunne yana magana tar. Ashe Auta ce, da ta ji labarin saukata a bakin titi sai ta rugo ta kunna ta saita. Inna ce ta sa ta. Na lura dai tsakar gidan ba mata kamar da, na ce ƙila aikin gona ne ya ɗauke su.

Asiri ya tonu wata Talata. An yi rasuwa a ƙauyenmu, na nemi izini a ofis na tafi ta'aziyya ba tare da na sanar da kowa ba. Bayan azahar na shiga gida. Na yi sallama daga soro ba a ji ba, saboda wata ƙara da take tashi daga ciki. Na leƙa. Inna tana zaune ita kaɗai a gindin darbejiya, jan rediyon a cinyarta, tana danna madannan da yatsu duka. Matar nan ta Turanci ta yi magana, ya yi shuuu, ya yi shiru, matar ta sake magana. Fitilarsa kuwa a kunne take da rana tsaka, tana haska mata haɓa, ita ba ta sani ba. Awaki suna ta kuka a turke, ba a sake su ba tun safe.

Na tsaya a wurin ina kallonta. Da ta gaji sai ta kife shi a kan tabarma, ta naɗe hannu ta zauna.

Na juya na nufi gidan Auta. Na same ta tana tankaɗe. Ban gama tambaya ba ta ajiye rariyar ta miƙe.

"Au, sai yau ka gani? Yaya, wata uku ke nan matar nan ba ta kama tasha da hannunta ba. In ina da sarari in zo in kunna mata, in ba ni da shi ta wuni a haka. Ko na saita, da ta ɗan taɓa ya goce. Solar ma ƙarya ce, sai an kai shi shagon caji a bakin titi. Mata sun daina zuwa, me za su zo su ji? Ran nan ce mini ta yi, yanzu ta san ta makance."

Na ce me ya hana a gaya mini?

"A gaya maka? Wa zai gaya maka? Na ce zan kira ka, ta ce in na yi ba ta yafe ba. Ta ce kyautar ɗan fari ba a mayar da ita. Ita ba za ta iya buɗe baki ta ce maka ka yi kuskure ba, kai ma ka sani. Kai da ya kamata ka duba da idonka, tunda kai Allah ya bar maka naka."

Ban taɓa bari Auta ta ɗaga mini murya ba, amma ranar na bar ta ta amayar da abin da ke cikinta. Haushi ya cika ni. Ina jin haushin mai shago, da abokin aikina mai dariya, da waɗanda suka zauna a wata ƙasa suka ƙera abin saurare wanda sai mai ido ne zai iya kunna shi. Har kunyar nan tamu na ji haushinta, wadda za ta bar uwa ta wuni cikin shiru wata uku don kada ran ɗanta ya sosu. Da na gama zagaye kowa sai na dawo kan wanda ya tura rediyon a kan kanta.

Washegari da sassafe ina Dutse, a ƙofar shagon kafin ya buɗe. Da ya zo na ce ina son tsohon rediyona, ko nawa ne zan biya. Ya yi ta tunani kafin ya tuna.

"Oho, wancan gwangwanin? Ai na ba mai gyara na bayan layi tun a satin."

Na ce masa ya cuce ni, na gaya masa matar ba ta gani, ya ce don irinsu aka yi. Ya buɗe hannu ya ce, "Yallaɓai, ni ɗan kasuwa ne. Kai ka san mahaifiyarka, ni ban santa ba." Na ɗaga murya har maƙwabtansa suka fito suna ba ni haƙuri. Abin da ya fi ƙona ni, gaskiya ya faɗa.

Mai gyaran wani dattijo ne mai tabarau, yana zaune cikin tulin matattun rediyoyi. Ya tuna da shi sarai. Ya ce lasifikarsa mai kyau ce, ya cire ya sa wa wani. Rigar fatar ya ba wani mai shayi. Ƙwaryar kuma, wato jikin da tsagar take, ya haɗa da tarkace ya ba ƴan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa tun tuni.

"Na ga tsagar," ya ce. "Har na ce a raina, wannan wani ya yi wa makaho dabara. Ban san yadda aka yi ya baro gida ba."

Na ce ni na baro da shi. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya tona cikin kayansa ya zaro wani tsohon rediyo, ba irin namu sak ba amma ɗan uwansa ne, mai allura da abin murɗawa. Ya gwada, yana kamawa. Na saya. Na ce ya cire mini gilashin, ya sa tsinke ya ɓalle shi a gabana. Wato na biya kuɗi an raba ni da rediyo marar gilashi, na sake biyan kuɗi an fasa mini gilashin wani.

Ranar Asabar na tafi da shi, na kwana biyu a ƙauye. Na sa Auta ta binciko magagarin Baba a cikin rumbu, ya yi tsatsa amma yana ci. Na samo ƙaro na liƙe maɓallin zango. Da lokacin shirin safe ya yi na zauna a bakin tabarmar Inna, kusa da ita fiye da yadda na taɓa zama, na yi ta murɗawa har murya ta fito.

"Ki ce ya ɗan koma baya," ta ce wa Auta. Na koma. "Ki ce nan." Na goga tsaga ta farko.

Da rana muka yi ta biyu, da la'asar ta uku. Na miƙa wa Auta, ta ɗora mata a cinya. Inna ta sa farce a tsaga, ta murɗa, allura ta zo ta taɓa, magana ta fito. Ta saki ta koma ta farko, ta dawo ta uku. Ba ta yi murmushi ba, amma na ga kafaɗunta sun sauka. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "A'a, Inna, an dawo ke nan?"

Na ji sanyi a raina, har na fara kakkaɓe magagarin. Sai na ga yatsanta ya wuce ta uku yana tafiya a kan leɓen, ya kai ƙarshe, ya dawo.

"Ta huɗun fa?" Wannan karon ba ta ce a tambaye ni ba, kuma ba ta juya wajen Auta ba.

Na ce a gaya mini lokacin da tashar take farawa, in nemo ta yanzu. Auta ta yi mini alama da ido, ta ja ni gefe wajen turken awaki.

"Yaya, babu tasha a ta huɗu. Ta daina magana tun bayan rasuwar Baba da kaɗan. Ita ce wadda yake ji in ya dawo daga gona. Kullum in an gama shirin yamma sai ta kai allurar can ta bar ta, ta ɗan saurari shuuu ɗin, sannan ta kashe. A nan yake ajiye ta."

Na tambaye ta ko ta san daidai wurin. Ta ce ina za ta sani, ita ba ta taɓa dubawa ba. Ni ma ban taɓa dubawa ba. Sauran ukun murya ce ta kai ni gare su, wannan kuwa ba abin da zai kai ni. Wanda ya san wurin yana kabari, rediyon da ya tsaga wurin a jikinsa kuma na ba da shi a ragin kuɗin adaidaita sahu.

Na koma na durƙusa. Na ce, "Inna, ki nuna mini inda kike zato, in tsaga."

Ta riƙe rediyon da hannu biyu. Ta ɗan murɗa allurar gaba da ta uku, ta tsaya, ta ƙara gaba, ta dawo. Ko'ina shuuu ɗin iri ɗaya ne. Ta jima tana yi, sannan ta kashe.

"Bar shi," ta ce. "Ba nan ba ne."

Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da Inna ta taɓa yi mini baki da baki, ba ta hannun kowa ba. Shekara da shekaru ina jiran ranar da za ta yi mini magana kai tsaye, kuma abin da na samu ke nan.

Jan rediyon yana gidana a Yalwawa, fitilarsa kawai muke amfani da ita in an ɗauke wuta. Kwanan baya abokin aikin nan nawa mai tsokana ya gan shi, ya ce shi ma yana so ya canza wa mahaifinsa nasa, ko ina ganin ya ci kuɗinsa? Na ce ya zauna. Na tambaye shi ko ya taɓa tsayawa ya kalli yadda tsohon yake riƙe rediyonsa, da inda yake sa yatsa. Ya yi dariya ya ce wace irin tambaya ce wannan. Na ce in bai kalla ba kada ya kuskura ya taɓa masa, kuma ban faɗa da fara'a ba.

Inna tana nan da mai tsaga uku. Matan sun dawo, awaki suna fita a kan lokaci. Auta ta ce in an gama shirin yamma takan wuce ta uku da allurar, ta yi ta kai ta gaba tana dawo da ita baya, sannan ta kashe.